Bazarar ƴan lakwal, daga Gazawa zuwa Gidan Rumji

Lakwal ta shigo ƙasarmu ne da dogari a gabanta. Faransa ta mayar da Nijar cikakkiyar mallakarta a 1922, ta ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma abin da take nema ga makaranta bai taka kara ya karya ba: ƴan tafinta, ƴan akawu, da wanda zai iya rubuta sunayen masu biyan haraji. Komanda ya aika wa sarki a kawo yara kaza, sarki ya raba wa masu gari, mai gari kuma ya leƙa gidan da ba shi da mai tsaya masa. Maraya, ɗan bara, ɗan baƙon da ya zo cin rani ya zauna, su ne suka fara hawa benci. Mutanen da suka sha aikin dole har aka soke shi a 1946 ba su ga wani bambanci ba tsakanin a ɗauke maka ƙato a kai shi gyaran hanya da a ɗauke maka yaro a kai shi koyon bakin Nasara. Ko wanne aka yi, hannu ne aka cire maka daga gandu.

Kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye arewa da Agye, har ta rasu tana ba da labarin ɓoyon yara. Ɗaukar ƴan lakwal takan faɗo daf da kaka, lokacin da rumbu ya kusa kai ƙasa, saboda haka akwai wurin da yaro zai tsuguna. A ɗaga hular rumbu, a zura shi, a miƙa masa ƙwaryar fura, a ce kada ya kuskura ya yi tari. Mai hali ya kai wa mai gari akuya a tsallake gidansa. Wani ya haɗa ɗansa da malamin allo mai tafiya Katsina. Ɗiya mace kuwa sai a ce ai an sa mata rana. Kaka ba ta ba da labarin nan da kunya ba, ni ma ban ga abin kunya a ciki ba, don ba wanda ya taɓa zama ya gaya musu abin da za a yi da yaran. Ran da aka samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal a Nijar ko biyar ba su cika a aji ba.

A lokacin, Agye da Gazawa ƙarƙashin Tasawa suke, Gidan Rumji da Tsibirin Gobir kuma ƙarƙashin Maraɗi. Sai a 1972 Agye da Gidan Rumji suka samu nasu supirefe, Gazawa kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 2011. Lakwal ta bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram, ta kuma bi kasuwannin da ake awon gyaɗa. Ƙauyen da ke nesa da hanya sai ya jira.

Ni na shiga a ƙarshen zamanin Diori Hamani, kuma ba wanda ya ɓoye ni. Mahaifina ya riga ya ga yadda ƴaƴan barorin da aka tura da fari suka dawo su ne akawu, su ne malaman gona, su ne riƙe da alƙalami a bakin sikelin gyaɗa. Abin da ya fara juya ran mutane ke nan. Amma ko da suka yarda da lakwal, ba su da ta cewa a cikinta. Uba ya kai yaro bakin ƙofa ya juya. A ciki Faransanci kaɗai ake ji, wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a rataya masa sambol, wani ƙashin dabba da aka ɗaura wa zare, shi kuma ya yini yana kasa kunne ga abokansa don ya samu wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Da dare nakan zauna bakin murhu ina maimaita haddar da aka ba mu, Inna na tuƙa tuwo tana cewa "Madalla," ba ta san ko daidai nake faɗa ba.

Shekarar lakwal a Nijar daga Oktoba take zuwa Yuni, a yi dogon hutu Yuli, Agusta da Satumba. A takarda kamar don manomi aka tsara ta, tunda an bar masa yaransa a tsakiyar damina. Wanda ya koyar a ƙauye ya san inda gizo ke saƙar: zangon ƙarshe, wanda a cikinsa ake ƙare littafi a shirya wa jarrabawa, ya faɗo daidai kan bazara. Da na zama mushe, wato malamin lakwal, na yi aiki a ƙasar Gazawa da ta Gidan Rumji, ko'ina labarin ɗaya ne. Kiran suna a Nuwamba da Disamba kowa na amsawa, rumbu cike, sanyi na kaɗawa. Da Maris ya raba sai ka fara ganin gurabe a kan tabarma.

Zafi ya haura digiri 40, ajin kwano ba ya zaunuwa bayan azahar. Ruwa ya yi ƙasa a rijiyoyin tudu, waɗanda sai sa ko jaki ke jan wasakinsu, yarinyar da ta fita da bido tun asuba ba ta dawowa sai hantsi, ga sussuka da daka na jiran ta. Magidanta sun tafi cin rani, da can Katsina da Kano da Legas, daga baya har Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya a arewa. Wanda bai tafi ba yana sharar gona, yana jigilar taki a amalanke, yaro ne ke kora masa shanun. Saboda haka in aka ce iyayen yara a watan Afrilu, uwa ake nufi, ita da tsoho mai sanda. Ita ke yanke shawara kowace safiya ko yarinyar nan ta ɗauki ardwaz ko ta ɗauki tiren talla, don ribar ƙuli-ƙuli da ayar da za ta sayar ita ce cefanen dare. Ga kuma sanƙarau da ƙyanda, masu zuwa da ƙurar wannan lokaci. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1995 ba ya mantawa.

Sannan ruwan farko. Wasu sukan yi binne tun ƙasa na busasshiya, amma akasari jira ake. In ya sauka da dare a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, da safe ba ka samun ko rubu'in aji. Babba na gaba da sungumi yana sara, yaro na biye da ƙwaryar iri yana zubawa yana rufewa da diddige, kuma dole a gama kafin laima ta tsere. Wani dattijo ya taɓa tarar da ni bakin aji, ya cire takalmi ya gaishe ni kamar ni ne babba, ya ce, "Mushe, a ara mini shi kwana biyu, ruwa ya sauka." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, jarrabawar sartifika ta matso, yaron nan kuma yana da kai." Ya ce, "Sartifika ana sake ta baɗi. Shuka fa?" Na ba shi yaron. Da aka gama, da kansa ya rako shi, da ƴan ƙwan zabi a ƙwarya. Mutumin nan bai raina karatu ba. Lissafin abincin shekara ya yi, lissafinsa kuma daidai ne.

Bazarar da ta fi kowace tsanani a ƙuruciyata ita ce ta 1974. Damina ta ƙi a jere, gyaɗar da ta riƙe ƙasar Maraɗi ta fara durƙushewa, mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a ci. Ana cikin haka, ranar 15 ga Afrilu, soja suka kifar da Diori, Seyni Kountche ya hau. A zamaninsa, har rasuwarsa a 1987, aka fi kiran mutanen gari su sa hannu a ginin lakwal a matsayin tasu, kuma samariya ce ta ɗauki aikin. Sarkin samari ya sa a buga ganga a yi gayya, maza na kwaɓa ƙasa suna buga tubali, ƴan mata na jigilar ruwa, tsofaffi na zaune suna duba ko bango ya miƙe. Aikin rani da bazara ne, don dole a rufe ɗaki kafin ruwa. Akwai tilas a ciki, ba na musu, wanda ya noƙe ya san za a kai sunansa gaba. Amma ajin da mutum ya ɗauki tubalinsa a ka, ba ya bari awaki su kwana a ciki. A 1984 damina ta sake ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnati ta matsa a yi noman rani, wasu makarantu na bakin Gulbin Maraɗi suka kafa lambu, iyaye suka ba da fili da ƙayar shinge, yara na ban ruwa kafin a shiga aji.

Shekarun 1990 su suka kusa kashe wannan amana. Asusun gwamnati ya bushe, albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, yajin aiki ya bi yajin aiki, har aka yi shekarun da aka soke karatunsu ɗungurungum. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kaye da bik ya tashi. Mafi muni, takarda ta daina ba da aiki. Yaron da aka sayar da tunkiya aka kai kwaleji, aka riƙa aika buhun hatsi ga mai masaukinsa a birni, ya dawo gida ba aiki, hannunsa kuma ya manta da haiwa. Maƙwabcinsa da bai taɓa shiga aji ba yana safarar kaya daga Jibiya har ya sayi babur. Iyaye suka fara janye yara, masu rubuta rahoto daga nesa suka ce jahilci ne, alhali ruwa ba ya tsami banza. Abin da ba su rubuta ba shi ne, a waɗannan shekaru mutanen gari ne suka ciyar da malaman da ba a biya ba. Na ci wannan abinci. Akushi na shigowa da magariba daga gidan da na san tuwonsu bai ishe su ba, yaro ya ajiye ya ce, "In ji Inna," ya ruga kafin in yi magana.

Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta rubuta abin da da ma ake yi, cewa nauyin makaranta na kan gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. Aka shigo da malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi, Shugaba Mamadou Tandja ya fito da shirinsa na musamman a 2001 na gina aji dubu kowace shekara, shirin shekara goma na bunƙasa ilimi ya fara a 2003. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba. Tare da su aka kafa komitin kula da makaranta, COGES, wanda wani shirin haɗin gwiwa da Japan ya yi wa aiki a jihar Tawa daga 2004, ana zaɓen shugabanninsa da ƙuri'ar sirri, kafin a baza tsarin ko'ina. Ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata.

Taron komiti na bazara a gindin gawo ake yin sa, don shi ke da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Darakta ya karanta abin da ke cikin asusu, a yi ta gardama a kan dala ashirin da ba a ga inda ta shiga ba. Sannan a zo ga maganar ƴan CM2, ajin ƙarshe mai zama jarrabawa. Kowane gida tiya ɗaya ta hatsi ko abin da ya sawwaƙa, a sayi kananzir, daga baya batir da fitilar sola, a yi musu karatun dare. A nemo wa waɗanda ba su da takardar haihuwa, don ba a zama jarrabawa sai da ita. A shirya amalanken da zai kai su garin da za a yi jarrabawar, da matar da za ta bi su ta dafa musu. Matan ƙungiya kuwa ba sa jiran taro. Na san wata tsohuwa, ko harafi ɗaya ba ta sani ba, kullum da safe sai ta leƙo aji ta ƙirga ƴan mata da ido. In ta ga gurbi sai ta nufi gidan, ta yi sallama, ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Ƴar nan, ina ɗiyata?" Uwar ta ce yau ba ruwa a gidan, rijiya za ta. Ta ce, "Kawo bidon, jikana zai ɗebo miki in an tashi, ke ki sakar mini ita." Ba ta tashi sai da yarinyar a gabanta. A Disambar 2017 an sa hannu a kan dokar kare karatun ɗiya mata, abu ne mai kyau, amma tun kafin ta iso ƙauye irin wannan tsohuwa ke yin aikin, ba ko sisi.

Farar 2004 da ƙarancin ruwa suka haifi yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mugun kamu, har likitocin MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Agye. A bazarar nan, makarantar da ake dafa wa yara abincin rana ta riƙe ɗalibanta, wadda ba a dafawa kuwa ta fara watsewa tun ba a kai ga jarrabawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ajin kara. Yara sun yi yawa, gini bai bi su ba, sai aka koma ga rumfa, iyaye kuma ke yin ta. Kara ba ya samuwa sai an girbe hatsi, saboda haka ko an ce a koma a farkon Oktoba, ajin ba ya tsayuwa sai Nuwamba. Kowane magidanci ya kawo damin kara ko zana, a saro dirkoki, a ɗaure da igiyar kaba irin wadda ake tufkawa a Gulbin Kaba. In rani ya yi nisa kara ya zama kuɗi, don shi ne abincin dabbobi, wanda ya ba da dami biyu ya san abin da ya cire daga bakin tumakinsa. Jakai da awaki masu yunwa su bi dare su ci bangon, da safe yara na zaune rana na dukan su ta gefe. Sai iskar da ke gaban ruwan farko ta zo ta yaye rufin ko ta kwantar da rumfar gaba ɗaya, ba kuma mai sake ta, kowa na gona. Shekarar da aka rubuta wata tara, ɗan ajin kara in ya samu bakwai ya gode Allah, kuma jarrabawa ɗaya zai yi da ɗan birni mai ajin siminti.

Ga kuma wuta. Ranar 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, gobara ta cinye azuzuwan kara ta kashe yara kimanin 20. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar aka sake yi a cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Gwamnati da kanta ta ce a lokacin akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasar. In na ji ana yabon iyaye sun gina aji da ƙarfinsu, yabon na yi mini daɗi, don sun cancanta. Amma talaka abin da yake da shi ya bayar, kara ne, kuma ba shi ya kamata a bar wa wannan kaya ba.

Tun 2019 ƙasar Gidan Rumji ta ƙara ɗaukar wani nauyi. Dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yaransu Hausa suke ji kamar namu, da yawa ma dangi ne, amma ajin na Faransanci ne, wanda ya taɓa ɗan karatu a can kuwa da Ingilishi ya yi. Masu masauki suka matsa, aka ƙara tabarma.

Duk da wannan ɗawainiya, har yau ba a ba iyaye ta cewa a kan lokacin karatu ba. Wasu daraktoci masu hankali, da yardar komiti, sukan fara da sassafe a tashi kafin rana ta take in zafi ya tsananta, su saki yara kwana biyun shuka su rama a ranakun hutu. A ɓoye ake yi, ana fargabar sufeto ya faɗo. Ban ga abin da zai hana a rubuta shi a doka ba, a bar wa kowane komiti ƴan kwanaki a hannunsa, tunda ruwa ba ya sauka rana ɗaya a Tsibiri da Gazawa.

Haka ma maganar harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa, kuma an daɗe da ganin cewa yaran irin waɗannan makarantu sun fi saurin iya karatu. Gwajin ya yi shekara da shekaru yana nan a gwajinsa, wasu iyaye ma suka ƙi shi, suna cewa Hausa akwai ta a gida, abin da ke ba da aiki suke so. Ina gane su. A Maris 2025 sabon kundin da hukumomi suka fitar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kafin wannan ya iso aji sai an buga littattafai, an horar da malamai. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Littafin kuɗin komiti da takardar sakamakon yaro, da Faransanci ake cika su. Ma'aji, wanda gari ya zaɓa don amanarsa, yana dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da wani ya karanta masa, alhali da yawa irinsa sun yi yaƙi da jahilci ko sun iya ajami. Waɗannan takardu biyu su zan so a fara juyawa zuwa Hausa, da boko da ajami, a miƙa wa uwa sakamakon ɗanta a hannunta a taron Afrilu, tun da sauran wata biyu da za ta iya yin wani abu a kai.